Muhawara: Kafson inabi da maganin hawan jinin Hajiya

Maman Ihsan (Hotoro): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema, hankalina ba a kwance yake ba. Hajiyarmu shekararta 8 tana shan maganin hawan jini. Makon jiya wata 'yar uwa ta kawo mata kafso a farar roba, wai daga ɓawo da 'ya'yan inabi aka haɗa shi, Naira 35,000 roba ɗaya. Mai sayarwar ta ce yana wanke jijiya, yana hana tsufa, kuma in Hajiya ta dage wata 3 ta rabu da ƙwayar asibiti har abada. Jiya da na je gida na tarar kwana 5 ke nan ba ta sha ta asibitin ba. A jikin robar an rubuta folifinol da resberatirol. Mene ne su? Da gaske suna magani?

Anti Nas (Tarauni): Wa alaikumus salam. Maman Ihsan, kafin a shiga bayanin komai: yau ɗin nan a gwada jinin Hajiya, ko a kemis ɗin kusa ne, ta koma kan ƙwayarta, sannan ku kai ta wurin likitanta da robar kafson a hannu. In kuwa tana ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko harshenta ya yi nauyi, ko wani ɓangare na jikinta ya saki, kada ku jira gobe. Shekarata 16 a ɗakin marasa lafiya, na sha karɓar mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye bayan sun ajiye magani saboda sun ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama.

Maman Ihsan (Hotoro): Na gode Anti. Yanzu na kira ƙanena ya je da na'urar awon.

Ɗan Fagge: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Anti kada mu yi wa abin kuɗin goro. Ni na karanta a kan resberatirol sosai. A Jami'ar Harvard aka yi binciken, ba a gefen titi ba. An ba ɓeraye, suka ƙara tsawon rai. Kuma ku dubi Faransawa, suna cin man shanu da cuku da nama mai kitse amma ciwon zuciya bai dame su kamar Amurkawa ba. Ba inabi ne sirrin ba?

Ustaz na Kurna: Inabi dai abu ne mai albarka, Allah ya ambace shi a wurare da dama cikin Alƙur'ani, a Suratu Abasa aya ta 28 cikin abin da ya tsirar mana, a Suratun Naba'i aya ta 32 cikin ni'imar Aljanna. Sai dai ɗana, a yi hattara da zancen Faransawan nan, domin abin da suke nufi ba inabin ci ba ne, giya ce.

Malamin Kimiyya (Gwale): Ustaz ya taɓo inda gizo ke saƙar. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, wannan darasin nake koyarwa.

Folifinol ba abu ɗaya ba ne. Sunan dangi ne, sinadarai dubbai da tsirrai ke haɗawa don kare kansu daga zafin rana, funfuna da ƙwari. Kuma mu Kanawa mun daɗe da saninsu ba tare da sunan ba. Baurin da goro ke bari a baki, su ne. Bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, tanin ne a cikinta, shi ma ɗan dangin ne. Jan da ke cikin zoɓo sunansa antosayanin. In kana so ka gani da idonka, raba zoɓo kofi biyu, matsa lemon tsami a ɗaya, jefa kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai rine ya yi duhu. Irin wannan launin ne a ɓawon jan inabi da baƙi.

A jikin inabi kuwa ga yadda suke zaune: tsokar ciki yawanci ruwa ne da suga. Folifinol ɗin sun taru ne a ɓawo da 'ya'yan ciki. Antosayanin a ɓawon mai duhu, tanin a 'ya'yan, shi ya sa in ka tauna su kake jin bauri. Shi resberatirol da ake ta yayatawa ɗan mitsitsi ne a cikinsu, a ɓawo yake, kuma kurangar tana ƙara haɗa shi ne lokacin da funfuna ta kama ta.

Yanzu zancen Faransa. A watan Nuwamba 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yi hira da wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, ya ce wataƙila jar giya ce ke kare zukatansu. Cinikin jar giya ya tashi a Amurka nan take. A 1992 masu bincike a Jami'ar Cornell suka nuna akwai resberatirol a cikin giyar, sai kowa ya ce an gano sirri. Daga baya wasu masana a Ingila suka nuna cewa a lokacin ba a rubuta duk mutuwar ciwon zuciya da sunanta a Faransa, kuma Faransawa sun fara cin kitse da yawa ne a makare idan an kwatanta da mutanen Ingila, shi kuwa toshewar jijiya shekaru yake ɗauka kafin ya bayyana. A Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa. Mu dama addini ya raba mu da ita.

Ɗan Fagge: Na yarda da na giya Malam. Ɓerayen Harvard fa? Su ai ba giya aka ba su ba.

Malamin Kimiyya (Gwale): Gaskiyarka, kuma binciken na gaske ne. David Sinclair da abokan aikinsa, a 2003 sun nuna yana tsawaita rayuwar yis, wanda ake kwaɓa fanke da shi. A 2006 suka ba ɓerayen da ake ɗura wa abinci mai kitse, suka fi 'yan uwansu daɗewa. Amma ka tambayi nawa aka ba su. Kimanin miligiram 22 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kullum. Kofi guda na jan inabi kuwa da ƙyar yake haura miligiram 1. Ko an rage lissafin yadda masana ke yi saboda jikin ɓera ya fi na mutum saurin ƙona abu, mai kilo 70 zai buƙaci sama da kofi 100 a rana.

Sai ka ce to ai shi ya sa aka yi kafso. Haka wani babban kamfanin magunguna, GlaxoSmithKline, ya yi tunani. A 2008 ya sayi kamfanin Sirtris da aka kafa a kan wannan binciken a kan dala miliyan 720. A 2010 suka dakatar da gwajin maganin nasu na resberatirol, a 2013 suka rufe ofishin Sirtris ɗin. Mutanen da suka zuba wannan dukiya, da dakunan bincike da likitoci, ba su fitar da shi a matsayin magani ba. Sai mai sayarwa a waya ce za ta ce wa Hajiya ta ajiye ƙwayarta?

Baban Walid (Sheka): Dala miliyan 720! Innalillahi.

Malamin Kimiyya (Gwale): Akwai dalili a jiki. In ka haɗiye shi hanji yana tsotsar mafi yawansa, amma hanji da hanta suna sauya masa kama nan da nan, abin da ke yawo a jini da siffarsa ta asali ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji, inda aka zuba shi kai tsaye a kan ƙwayoyin halitta, ba lalle ya kai wurin a jikin mutum ba. Kuma an duba a mutane. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins suka fitar da sakamakon bin dattawa 783 a yankin Kiyanti na Italiya, ƙasar inabi ke nan, tsawon shekara 9. Sun auna resberatirol a fitsarinsu. Masu yawa da masu kaɗan, ba a ga bambanci ba a mutuwa, ko ciwon zuciya, ko sankara.

Ɗan Fagge: To ke nan inabin ma ba shi da amfani? Ni wannan ne ban yarda ba.

Anti Nas (Tarauni): Ba haka Malam ya ce ba, ƙanena. Bambanta tsakanin abinci mai kyau da magani. An yi ƙananan gwaje-gwaje da inabi da abin da ake tatsa daga 'ya'yansa, wasu sun nuna jijiyoyin jini suna ɗan ƙara saki, awon jini na sama ya sauka da 'yan maki. Abin farin ciki ne. Amma wanda jininsa ke kai 170 in ba magani, 'yan maki ba za su fitar da shi daga haɗari ba. Kuma gwaje-gwajen na makonni ne, a kan mutane ƙalilan. Ƙwayoyin hawan jini kuwa an gwada su a kan dubban mutane shekara da shekaru, an ƙirga shanyewar jikin da suka hana.

Wani abin da ke damuna da irin kafson nan: ba a tantance su yadda ake tantance magani, ba ka da tabbacin abin da aka rubuta shi ne a ciki. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin su yi nesa da shi sai da izinin likita. Mai yawa kuma yana sa gudawa da tashin zuciya.

Hajiya Babba (Gandun Albasa): Ni kuwa 'yata, likita ya taɓa hana ni shan "giref" saboda maganin da nake sha. Shi ne wannan inabin?

Anti Nas (Tarauni): A'a Hajiya, kun yi tambaya mai muhimmanci. Wancan garehul ne, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, a kasuwa ne ake kiransa da sunan da ya yi kama da na inabi a Turance. Garehul yana hana jiki narkar da wasu magunguna, kamar wasu na rage kitsen jini da wasu na hawan jini, sai su taru su yi ƙarfi fiye da ƙima. Ku ci gaba da bin maganar likitanku a kansa. Inabi daban ne.

Hajiya Babba (Gandun Albasa): Allah ya yi miki albarka. To mai ciwon suga fa? Jikana yana kawo min ina tsoron ci.

Malamin Kimiyya (Gwale): Hajiya, barka da warhaka. A giram 100 na inabi, kamar cikin tafin hannu ke nan, akwai suga wajen giram 15 zuwa 16. Ba kaɗan ba ne, ya fi na kankana da gwanda. Zabibi kuwa, da yake an busar da ruwan, ya kai wajen giram 60. Duk da haka akwai wani babban bincike na Harvard a 2013 da ya bi mutane sama da 187,000, aka ga masu cin 'ya'yan itace ɗungurungum, musamman inabi da tuffa, sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga, masu shan ruwan 'ya'yan itacen da aka matse kuwa sun fi kamuwa. In ka matse ka tace, ka zubar da ɓawo da dusa, ka bar ruwan suga. Amma wannan a kan waɗanda ba su kamu ba ne, kuma bin mutane aka yi, ba gwaji ba, mai yiwuwa masu cin 'ya'yan itacen dama sun fi kula da kansu. Ku da kuke da shi, Anti ta fi ni sanin abin da ya dace.

Anti Nas (Tarauni): 'Yan ƙwayoyi Hajiya, kamar 10, bayan abinci, ba a zauna a ga bayan roba ba. In kuna da na'ura ku gwada bayan awa 2, jikinku zai gaya muku. Na kwali kuwa ku bar shi.

Mai Lemo (Na'ibawa): Salamu alaikum. Ni sana'ata ce, shekara 20 ina 'Yan Lemo. Abin da zan ƙara: yawancin na roba da kuke gani daga Afirka ta Kudu da Masar ake kawo shi, kuɗin jirgi da na sanyi duk a kansa suke, shi ya sa ya fi ƙarfin talaka. Amma ana noma inabi a nan kusa, wajen Kudan ta jihar Kaduna, kafin ka shiga Zariya. In lokacinsa ya zo yana shigo mana. Mutane su ce ba sa so wai yana da 'ya'ya a ciki kuma da ɗan tsami, su ɗauki kore marar 'ya'ya. Yanzu da na ji bayanin Malam, ashe abin da suke gudu shi ne amfanin.

Malamin Kimiyya (Gwale): Haka ne Alhaji, mai duhu ya fi kore, domin koren ba shi da antosayanin. Amma koren ma abinci ne mai kyau.

Mai Lemo (Na'ibawa): Kuma don Allah a riƙa wankewa da ruwa mai yawa. Ana yi masa feshi a gona, ga ƙurar hanya. Farin nan mai kamar hoda da ke jikin ɓawon ba datti ba ne, nasa ne, alama ce ba a jagwalgwala shi ba. Ka duba karan: in kore ne shar sabo ne, in ya bushe ya yi baƙi ya kwana biyu.

Anti Nas (Tarauni): Tunda an zo nan, iyaye mata: yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi ƙwayar inabi guda. Girmanta daidai maƙogwaronsa, ga santsi, tana toshe numfashi. A tsaga ta a tsaye gida huɗu. Na taɓa ganin wannan sau ɗaya, ba na fatan in sake gani.

Kawu (Dala): Na karanta duk abin da kuka rubuta, jikata ce ke buga min. Ni abin da ke ba ni takaici, sai abu ya zo da rubutun Turanci a roba muke ganin darajarsa. Mun tashi da tuwon jar dawa, miyar kuka, kunun tsamiya. Da yamma a ci ɗinya da kanya da magarya da goruba. Iyayenmu mata in mace ta haihu karan dafi ake dafa mata. Yanzu yaro ya tashi da farar shinkafa da taliya da lemon kwalba, in jiki ya gaza a je a sayo kafso na dubu talatin da biyar. Malam, abin da ka lissafa babu shi a namu?

Malamin Kimiyya (Gwale): Akwai Kawu, ranku ya daɗe. Jar dawa cike take da su, launin nan nata su ne. Jar albasa tana da wani mai suna kwasetin, wanda shi ma yana cikin ɓawon inabi. Shayi yana da nasa. Abin da zai ba zaure mamaki: shi kansa resberatirol ɗin akwai shi a gyaɗa, kuma kofin dafaffiyar gyaɗa, wadda yara ke tallarta a faranti da kaka, yana da kusan daidai da na kofin jan inabi.

Zoɓo kuwa an gwada shi a mutane. A 2010 a Jami'ar Tufts ta Amurka, mutum 65 masu hawan jini mai sauƙi, wasu aka ba su kofi 3 kullum tsawon mako 6, wasu aka ba su abin sha mai kama da shi. Awon sama na masu zoɓon ya sauka da maki 7, na sauran da maki 1 da ɗoriya. Zoɓon da ake lodawa a Dawanau ana fita da shi ƙasashen waje.

Kawu (Dala): To kun ji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Anti Nas (Tarauni): Kawu ku yi min afuwa, zan ɗan ja da ku a nan. Kada mu fita daga ramin kafso mu faɗa na zoɓo. Waɗancan mutum 65 ɗin ba sa shan magani, jininsu bai yi sama sosai ba, kuma ba irin zoɓon namu na ƙulli suka sha ba, wanda ake zuba wa suga kamar ba a so. Mai shan ƙwayar hawan jini in zai riƙa shan zoɓo kullum ya gaya wa likitansa. Kuma mutanen da ma suna shanyewar jiki, suna ne kawai ba a ba shi ba, a ce iska ce ko jifa.

Sannan folifinol ɗin nan suna da nasu aibin. Tanin yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye da hatsi ya hana hanji tsotsarsa. A wurin awo kullum muna fama da masu juna biyu da ƙarancin jini, ka tambaya ka ji da shayi mai kauri ake bin abinci, da shi ma ake haɗiye ƙwayar ƙarin jinin. A raba su da awa 1 zuwa 2. Lemon zaƙi ko lemon tsami a kan abinci kuwa yana taimaka wa ƙarfen shiga.

Kawu (Dala): Ban ce a bar asibiti ba 'yata, ni ma ina shan tawa kullum da asuba. Amma na tsaya a kan cewa mutanen da sun fi mu ƙwari.

Ɗan Fagge: Ni har yanzu ina ganin nan gaba za a gano wani abu a resberatirol. Ana ci gaba da bincike ai. Kuma duk talla ana cewa suna kashe gubar da ke tsufar da jiki.

Malamin Kimiyya (Gwale): Ana ci gaba, kuma in an gano ni ne farkon mai murna. Zancen kashe guba kuwa, a kwalbar gwaji suna yi. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa ajiye jadawalin da ke jera abinci bisa wannan ƙarfin, a 2012 ta cire shi daga shafinta, ta ce awon kwalba bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba kuma 'yan kasuwa suna talla da shi. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne yawancin folifinol ba sa ma shiga jini daga ƙaramin hanji, suna wucewa babban hanji, ƙananan halittun da ke zaune a can su farfasa su, abin da ya fito shi ne yake aiki. Wataƙila shi ya sa mutum biyu za su ci abu ɗaya amfanin ya bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a sha kafson komai ba, cewa ta yi a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ka lissafa abin da Naira 35,000 za ta sayo a 'Yankaba.

Baban Walid (Sheka): Malam, 'ya'yan cikin a tauna ko a tofar?

Malamin Kimiyya (Gwale): In baurin bai dame ka ba ka tauna, ba sa cutarwa. In ka haɗiye su guda haka za su fita.

Maman Ihsan (Hotoro): 'Yan zaure, ƙanena ya gwada, 178 bisa 104. Ba ta jin ciwon kai, maganarta daidai, ta sha ƙwayarta yanzu a gabansa. Da ƙyar ta yarda, tana cewa kada 'yar uwar da ta kashe kuɗinta ta ji ba daɗi. Sai da na karanta mata abin da Kawu ya rubuta cewa shi ma yana shan tasa kullum. Gobe da sassafe zan kai ta asibiti da robar a jaka. Anti, in sake gwadawa da daddare?

Anti Nas (Tarauni): Ƙwarai, bayan isha'i, ta zauna ta huta minti 5 tukuna, hannun a kan matashi daidai ƙirji. Ki rubuta lambar da lokacin a takarda ki tafi wa likita da ita. In ya haura 180, ko ta ji wani abu daga cikin alamomin da na lissafa, ku tafi a daren. Kada kuma ta ninka ƙwayar wai don rama kwana biyar ɗin.

Ustaz na Kurna: Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ita ma 'yar uwar a yi mata bayani da taushi, alheri ta nufa.

Maman Ihsan (Hotoro): Amin Ustaz, ni zan je har gida in same ta, don na ji ita ma mijinta ta saya wa. Alhaji Mai Lemo, in na Kudan ɗin ya shigo don Allah ka sanar a zaure, baƙin nake so.